Sytze Hiemstra da Zobe Mai Kusurwa Huɗu

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Fabrairun 2025, wajen ƙarfe goma na safe, Baukje ta kira ni a waya ta ce, "Renske, ya tafi." Ban tambaye ta wa ba. Mijinta, Dokta Sytze Hiemstra, wanda ya koya mini aikin haɗa magani, na kuma yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa, ya rasu a asibiti a nan Groningen yana da shekara saba'in da takwas. Allah ne ya ba mu shi, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Na jingine keken da nake shirin hawa, na zauna a bakin ƙofa cikin yayyafi, ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Sytze, na san wasu za su lissafa takardun binciken da ka wallafa da ɗaliban da ka yaye, kuma za su fi ni iyawa. Ni ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wata magana da na riƙe shekara ashirin da shida, kullum ina cewa in mun haɗu zan gaya maka. Mun haɗu ya fi a ƙirga, ban faɗa ba. Yau zan faɗe ta, amma bari in fara gaya wa mutane wane ne kai.

Ranar da na fara zuwa ɗakin gwaje-gwajenka neman aiki, a kakar 1997, na zo da takardun shaidata a jere cikin jaka, ina ji da kaina. Ko kallonsu ba ka yi ba. Ka turo mini wani tsohon akwati cike da ƙwallayen katako masu huji, baƙaƙe da jajaye da shuɗɗa, da tsinkayen da ake haɗa su, ka ce in gina maka fenisilin. Na ce ai zan iya zana maka shi a takarda ido rufe. Ka ce, "Na yarda, Malama. Amma takarda a shimfiɗe take, ƙwayar cuta kuwa ba a shimfiɗe take cin karo da magani ba. Gina mini."

Na yi ta fama. Komai ya haɗu sai wurin nan guda, inda zarra huɗu, baƙaƙe uku da shuɗiya ɗaya, za su kama juna su yi zobe. Tsinkayen suka ƙi lanƙwasuwa, har na karya biyu. Kana zaune kana cin burodinka da cuku, sai da gumi ya karyo mini sannan ka miƙo mini wasu 'yan wayoyi masu lanƙwasa. Ka ce abin da hannuna ya ji yanzu shi ne maganin gaba ɗaya. Zoben nan a matse yake, neman hanyar ɓallewa kawai yake yi. Ita kuma ƙwayar cuta tana da wani magini a jikinta da ke ɗaure mata bango. Maginin yakan ɗauki zoben a matsayin tubalinsa saboda sun yi kama, da ya cafke shi sai zoben ya ɓalle ya maƙale masa, ya kasa aiki. Bango bai haɗu ba, ƙwayar ta fashe. Na karanta wannan a littafi sau goma kafin ranar, amma a ranar na gane shi.

Daga nan na san dokarka, wadda ba ta da sassauci ga kowa. Ba mai taɓa kwalba ya fara haɗa sabon sinadari sai ya gina shi da katako, ya juya shi gaba da baya, ya kawo maka ka gani. Mun yi ta gunaguni a bayan idonka. Lokacin kwamfuta ta riga ta shigo, tana juya siffar sinadari a allo yadda ake so, mu kuwa ga mu da kayan wasan yara. Okke, abokin aikinmu mai kiwon ƙwayoyin cutar da muke gwada magunguna a kansu, yakan leƙo ya ce, "Maigida, yaushe za a tashi 'yan makarantar rainon nan su zo su sha madara?" Kai kuma ka ce masa, "In ka gama shayar da naka 'ya'yan, ka zo ka ɗauke su." Haka kuke tun kafin in zo, haka kuma na bar ku.

Ba na son in mai da kai waliyyi, don kai da kanka za ka fara jin haushi. Kana da taurin kai, kuma ba ka iya yabo ba. In aiki ya yi kyau sai ka ce "ba laifi," mu kuwa mu yi kwana uku muna murna. Amma lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo a garin Assen, kai ne ka karɓi haɗin da nake tsaka da yi, ka tsaya a kansa mako biyu, da na dawo na tarar ka rubuta komai a littafina da sunana. Kuma ranar zagayowar haihuwarka, da al'ada ta ce kai za ka kawo mana kek, ba ka taɓa manta mai shara da mai gadi ba, nasu kake fara yankawa.

Sai kuma firijin nan na ƙarshen baranda, wanda muke kira maƙabarta. A sauran wurare, sinadarin da aka gwada bai kashe ƙwayar cuta ba, zubar da shi ake yi a wuce wurin. Kai ba ka yarda ba. Kowace kwalba sai an manna mata lamba an ajiye. Duk ranar Juma'a da la'asar, in an dafa kofi, sai ka buɗe firijin ka zaro guda ka dire a tsakiyar tebur, ka ce, "To, jama'a, me ya kashe wannan?" Sai an gina shi da katako, an yi ta gardama. Wani hannunsa ya yi kauri ya kasa shiga ƙofar ƙwayar. Wani zobensa ya cika matsewa, ya ɓalle tun a cikin kwalba. Kakan ce wanda ya yi aiki abu ɗaya ya koya mana, wanda ya mutu kuwa in an matsa masa yakan faɗi abu uku.

Yanzu na zo ga maganata.

A shekarun nan, abin da ya hana mu sakat shi ne ƙwayoyin cutar da suka koyi kare kansu. Sun samu wani abu kamar almakashi da suke fitarwa, ya datse zoben tun kafin ya isa wurin magini. Dabararka ita ce a dasa wa zoben wani ɗan hannu a gefe, ya tokare almakashin, amma kada ya hana magini cafka. Shekara biyu mu shida muna kan wannan. Duk lissafinka ya nuna cewa sinadari mai lamba ɗari biyu da sha biyu ne zai raba gardama, kuma ni ka ba shi, a farkon 1999. Masu kamfanin da muke wa aiki kuwa haƙurinsu ya ƙare. Sun sa ranar Litinin, ashirin da tara ga Maris, za su zauna su yanke ko a ci gaba ko a rufe ɗakin a sallami kowa.

Makon da zan fara, kana gida da mura. Na dubi akwatin katako, na dubi kalanda, na ce wa kaina ai na girmi wannan wasa. A zanen mu masu haɗa sinadarai, layi mai kauri na nufin abu ya taso wajen mai kallo, layi mai ɗigo-ɗigo na nufin ya koma baya. Da na zo kwafe zanenka cikin littafina, sai na juya shi dama ta koma hagu don ya fi mini daɗin karatu, amma na bar layin da kaurinsa. Wanda ya juya zane dole ya sauya layin, ko ɗan aji ɗaya ya san haka. Da na gina da katako, da hannuna ya gaya mini cikin minti biyar. Ban gina ba. Na yi mako biyar ina haɗa wani abu mai nauyi daidai, mai zarra daidai, fari tas kamar gishiri, amma ɗan hannun nan yana kallon baya maimakon gaba.

Okke ya ɗiga shi a farantan ƙwayoyinsa. In magani ya yi aiki, akan ga fili fes kewaye da ɗigon, inda ƙwayoyi suka mutu. Washegari ya shigo da faranti a hannu, babu wasa a fuskarsa, ya ce, "Maigida, ko gezau. Har kan ɗigon suka hau suka yi gida." Na ga yadda ka cire tabarau ka daɗe kana goge shi. Aka manna wa kwalbar lamba, aka kai ta maƙabarta.

Ranar Laraba, uku ga Maris, da kowa ya tafi cin abincin rana, wani abu ya yi ta cina a rai, na ɗauko akwatin na gina abin da ke cikin littafina, na ajiye kusa da zanenka na asali. Ban ma gama sa ƙwallo na ƙarshe ba na gani. Ba dabararka ce ta mutu ba, ni ce ban taɓa haɗa ta ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, ofishinka taku goma ne daga teburina. Amma na tuna na karya dokarka, na tuna ni ce sabuwa, na tuna idon mutum biyar da za su juyo kaina. Sai na cusa ginin cikin jakar takarda, na tura shi bayan tsofaffin mujallu a ɗakin ajiya, na koma na zauna. Na ce gobe. Gobe ta zo na ce Litinin. Ina ji Okke yana waya yana tambayar ko akwai gurbi a wani wuri, ga matarsa da tsohon ciki. Ina ganinka kana rubuta rahoton da zai ce hanyarka ba ta ɓulle ba. Mako uku cur na yi ina gaishe ka da safe, kana amsawa, bakina a rufe. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta kwanakin nan ba, kuma har yau in na tuna sai na runtse ido.

Juma'a ta ƙarshe kafin zaman, ashirin da shida ga wata, aka dafa kofi kamar kullum. Ka tashi ka buɗe firiji, ka dawo ka dire kwalba a tebur. Ɗari biyu da sha biyu. Okke ya ce, "Haba Maigida, ko kwana arba'in ba ta yi ba, a bar ta ta huta mana." Ba ka kula shi ba. Ka turo mini akwatin, da littafina a kansa, ka ce, "Renske, gina mana. Ba abin da na zana ba, abin da ke cikin kwalbar."

Na gina. Ka ɗauka ka juya shi a hankali, ka ajiye kusa da naka ginin na zanen asali. Kowa ya gani. Na buɗe baki, sai ka riga ni. Ka ce, "Madalla. Yanzu mun san in hannun ya kalli baya, magani ya mutu murus. Wannan ba ƙaramin sani ba ne, ya nuna wurin nan ne rai yake. Saura mu ga in ya kalli gaba." Ka juya ka ce wa Okke ya daina neman aiki a wayar ofis, tsada gare ta.

Ranar Litinin ka shiga wurin masu kamfani da gini biyu na katako, ɗaya a kowane hannu. Daga baya na ga abin da ka rubuta musu. Ka ce an yi kuskure a ɗakinka, kai ne ba ka duba ba kafin a fara, ka nemi mako shida. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba. Suka ba ka, da ƙyar, tare da takardar gargaɗi da ta zauna a fayil ɗinka har ka yi ritaya. Na sake haɗawa, wannan karon da katako a gabana. Ranar da Okke ya fito da farantin, tun daga baranda muke jin ihunsa. Fili ne fes, faɗinsa ya kusa kai bakin kofin shayi, a kan ƙwayoyin da suka gagari duk abin da ke hannunmu.

Ba zan ƙara gishiri ba, sinadarin nan bai taɓa zama maganin da ake sayarwa ba. Bayan shekara huɗu aka ga yana taɓa ƙoda, aka ajiye shi, shi ma ya shiga firiji. Amma ɗakin ya ƙara shekara tara a buɗe, mutum shida suka ci gaba da ciyar da iyalinsu, kuma abin da muka koya game da ɗan hannun nan ya shiga aikin wasu. Da abin ya lafa na koma ɗakin ajiya in wargaza ginin da na ɓoye, ban same shi ba. Na ce masu shara sun yi gaba da shi, har na ji daɗi. A zatona kai da kowa kun ɗauka a ranar Juma'ar nan na gano kuskurena tare da ku. Na bar ku a haka. Ka yafe mini kuskure, amma shirun mako uku, wanda shi ne ainihin laifin, na ɗauka ba ka san da shi ba.

A watan Janairun bana ka faɗi a kan ƙanƙara a ƙofar gida, ƙugu ya karye, aka yi aiki, ƙwayar cuta ta shiga jini. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, suna sauya magani bayan magani. Da na je duba ka, na shirya maganata tun a kan keke. Na tarar ka sa wata likita ta zana maka siffar maganin da ake ɗura maka a bayan takardar abinci. Ka nuna mini da yatsa, muryarka ƙasa-ƙasa, ka ce, "Kin ga ja'iran nan? Sun koyi datse wannan ma. Shekara hamsin ina tokare su, yau sun biyo ni har gado. Amma ki duba aikin, Renske, ai sun iya." Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Na riƙe maka kofin ruwa, na gyara maka matashi, na ce zan dawo ranar Laraba. Ka tafi ranar Talata.

Bayan an fito daga coci an kai ka makwanci, muka taru a zaure ana shan kofi da yankan kek. Okke, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya zauna a gefe yana ta share hanci yana cewa mura ce. Baukje ta ja ni gefe ta miƙo mini wani kwalin takalmi. Ta ce, "Wannan a kan teburinsa na gida yake tun ban san yaushe ba. Ya ce in ya riga ki, naki ne."

Na buɗe. Jakar takarda ce da ta yi ja don tsufa, a ciki ga ginina, baƙaƙe uku da shuɗiya ɗaya, da ɗan hannu yana kallon baya, ƙwallo na ƙarshe ma ba a sa ba. An ɗaura masa 'yar takarda da zare, irin wadda muke manna wa kwalabe, da rubutunka mai kama da tafiyar tururuwa: "Huɗu ga Maris, 1999. Ƙwallaye sun ragu a akwati, na same su a bayan mujallu. Renske ta gano. Zan jira ta."

Na nemi kujera na zauna. Baukje ta zauna kusa da ni ta ce ta tuna makonnin nan sarai, don ko abincin kirki ba ka ci ba. Ta ce, "Na tambaye shi, wai kai me ke damunka ne? Ya ce akwai haɗin da yake jira, irin wanda in aka ƙara masa wuta lalacewa yake. Ni na ɗauka maganar kwalabensa yake."

Ashe ka sani tun washegari. Ashe duk safiyar da na gaishe ka, kana jira ne in ƙara kalma ɗaya a kan gaisuwar. Ka sa aikinka na shekara biyu da abincin mutum shida a kan siraɗi, ka jira har Juma'ar da babu wata bayanta, don kawai in zo da ƙafata. Ban zo ba. Kuma da ka ga ban zo ba, ka shirya abin yadda ba wanda zai gane, ka ɗauki gargaɗin a kanka, ka zauna da ni shekara ashirin da shida, ka zo bikina, ka riƙe ɗiyata a hannu, ba ka taɓa yi mini ko kallon da zai tuna mini ba.

To ga ni na zo, Sytze, a makare. Tun uku ga Maris na sani, na ji tsoro, na yi shiru. Ka yafe mini. Na rubuta shi a nan ne don Okke da sauran su karanta, su san abin da ka ɗauke mini. Ginin yana kan teburina a wurin aiki, ban gyara hannun ba kuma ba zan gyara ba, duk ɗalibin da ya tambaya zan gaya masa labarin tun daga farko, har da mako ukun.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baukje, wadda ta yi shekara hamsin da ɗaya tana tsintar ƙwallayen katako a aljihun wandonka kafin wanki, da ɗiyarku Jeltje da mijinta, da jikokinka uku, da duk waɗanda suka taɓa zama a teburin nan ranar Juma'a. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya muku zuciya, ya tsaya muku a inda Sytze ya saba tsayawa.

Kai kuma, Allah ya ji ƙanka, ya yi maka rahama, ya sa ka huta. Ya dubi taurin kanka da sauran kurakuranka da sassauci. Yadda ka ga laifina ƙuru-ƙuru ka sa shi a kwali ka rufe, Allah ya rufa maka naka asirin. Amin.